Baƙar Ƙofa Ko Mai Launi: Wace Fuska Ta Dace Da Gida?

Duk wanda ya taɓa gina gida, ko ya gyara na gado, ya san ranar da mai walda zai kafa ƙofa, ya gwada sakata, ya karɓi cikon kuɗinsa ya tafi, ya bar ta da jan fentin nan na hana tsatsa. Washegari mai fenti zai iso da buroshi da galan ɗin tina, ya yi tambayar da ba a shirya mata ba: “Alhaji, wace kala za a shafa?” Mutumin da ya shekara yana lissafin bulo da siminti da rodi sai ka ga ya yi jim. Ya dubi ƙofar maƙwabcinsa na dama, baƙa. Ta hagu ma baƙa, da ɗan ratsin ruwan gwal. Sai ya ce a shafa baƙi. A cikin gida kuwa uwargida kore take so ko shuɗi, kuma tana da hujjarta.

Wani zai ɗauka ƙaramar magana ce. Amma ƙofa ita ce abin da kowa ke gani a gidanka: mai wucewa, mai talla, almajiri, surukai, har wanda ba zai taɓa taka tsakar gidan ba. Kuma fentin da aka shafa yau da shi za a zauna shekaru, ana taɓa shi safe da yamma. Shi ya sa jama'a suka rabu biyu a kansa. Akwai masu cewa ƙofa ta zama mai duhu, baƙa ko ruwan ƙasa mai turuwa ko ruwan toka, irin wadda ta cika sababbin unguwannin Kano da Kaduna da Katsina da Maraɗi. Akwai kuma masu cewa a ba ta launi mai haske da fara'a: kore, shuɗi, ruwan madara, fari, wasu ma har ja da ruwan ɗorawa. Kowane ɓangare yana da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare shi har ya dire.

Masu launi: ƙofa fuskar gida ce

Masu wannan ra'ayi sukan fara da karin maganar da kowa ya sani, labarin zuciya a tambayi fuska. Suka ce baƙo kafin ya yi sallama ya riga ya karanta gidan daga ƙofarsa. Ƙatuwar baƙar ƙofa ta ƙarfe, babu taga babu ado, tana gaya wa mai zuwa ya tsaya daga nesa. Ƙofa mai ruwan ganye ko ruwan sararin samaniya kuwa marhabin take yi tun kafin mai gida ya fito. Mutanen da suka yarda shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, in ji su, bai dace gidajensu su riƙa ɗaure wa baƙo fuska ba.

Sai su koma tarihi, domin a nan suke ganin ƙarfinsu yake. Maginin Hausa bai saba barin bakin zaure haka nan ba. Duk inda ado zai ƙare a gida, a kewayen ƙofar shiga ake zuba mafi kyawunsa. A Zariya, cikin birni da Tudun Wada, an yi zamanin da attajirai ke gasar ƙawata fuskar zaure da zanen dagi da takobi, daga baya aka shigo da keke da mota da jirgin sama da agogo, ana fito da su da farar ƙasa da shuni, sannan da fentin kanti bayan ya samu. Abin ya ja hankalin manazarta har Anthony Kirk-Greene ya wallafa ɗan littafi a kan gidajen Zariya masu ado a 1963, Friedrich Schwerdtfeger kuma ya shafe shekaru yana bin diddigin maginan da masu gidajen. Har gobe wanda ya tsaya a gaban fadar Zazzau zai ga launuka sun yi ɗaurin gwarmai a jikin mashigarta, haka ma wanda ya zaga unguwar Birni a Damagaram. To, in ji masu launi, yaushe baƙin ƙarfe ya zama al'adarmu? Baƙin get baƙo ne, tare da walda da katangar bulo ya zo. Wanda ya shafa wa ƙofarsa launi shi ne ya fi kusa da gadon kakanni.

Kuma launukan da suke so ba daga sama suka faɗo ba. Shuɗi namu ne tun daga karofin Ƙofar Mata a Kano, inda marina ke tsoma zane a baba ɗaruruwan shekaru. Kore kuwa yana da matsayi a zuciyar Musulmi: Alƙur'ani ya siffanta tufafin 'yan Aljanna da shi, kuma ƙubbar masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina kore ce tun 1837, zamanin Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkawa Mahmud na Biyu. Ba mamaki alhazai da yawa suke zaɓar sa wa ƙofofinsu.

Hujjarsu ta uku ba ta ado ba ce, ta bukatar yau da kullum ce. Yawancin unguwanninmu babu sunan layi a rubuce, babu lambar gida. Da kwatance muke rayuwa: ka wuce masallaci, ka sha kwana ta hagu, gida na uku mai koren get. To idan layi guda gida ashirin ne, kuma sha takwas baƙaƙen ƙofofi gare su, da me za a yi kwatancen? Mai adaidaita sahu ya yi ta zagaye, ɗan aike ya kai saƙo gidan da ba shi ba, masu zuwa ta'aziyya su yi sallama a ƙofar da ake suna. Mafi tsanani, a kira mota cikin dare don mai naƙuda ko mara lafiya, direba ya ɓata lokaci yana haska ƙofofi masu kama ɗaya. Launi a nan adireshi ne, kuma adireshin da ko yaro ɗan shekara huɗu zai iya riƙewa idan ya ɓata.

Masu duhu: gida rufin asiri ne

Ɗaya ɓangaren ba su musa cewa ƙofa fuska ce ba. Sai dai suka ce fuskar mai kamun kai ba ta yawan kwalliya a bakin hanya. A ganinsu duk tsarin gidan Bahaushe ciki yake kallo. Katanga doguwa, babu taga ta waje, zaure kuma an gina shi yadda ƙofar shiga ba ta saitin ƙofar da ke fita tsakar gida, don kada idon mai wucewa ya zarce. Abin da ake nema shi ne na waje kada ya san abin da na ciki ke ciki, ko samu ko rashi. Addu'ar da muka fi yi wa juna ita ce Allah ya rufa asiri. Ƙofar da ke kiran ido daga ƙarshen layi ta saɓa wa wannan tun daga tushe.

Daga nan sai su kawo maganar baki da hassada. Mutumin da ya yi sabon gida ya riga ya shiga bakin jama'a, don me zai ƙara musu abin nunawa? Akwai kuma haƙƙin maƙwabci. A layin da wani bai samu halin yin filasta ba, wani langalanga ya kafa a madadin ƙyaure, ƙofa mai sheƙi da ɗaukar ido tana iya zama gori ko da mai ita bai nufa ba. Dattawa da yawa da ke zaɓar ruwan ƙasa ba rashin sanin ado ke sa su ba, kunya ce da kara.

Hujjar kwatance kuwa, suka ce wuƙa ce mai baki biyu. Kwatancen da zai kawo maka baƙon alheri shi zai kawo wanda ba ka gayyata ba. A wannan zamani na fashi da garkuwa da mutane, da masu kai rahoton gidajen jama'a ga miyagu, gidan da za a iya bayyana shi da kalma biyu a waya ba abin alfahari ba ne. Gara ka saje da layinka. Wanda kake so ya zo, kana iya fita ka taro shi a bakin titi.

Ko tarihin ma ba su bar wa masu launi shi ba. Suka ce a duba da kyau, adon nan da ake magana a jikin bango yake, ba a jikin ƙyaure ba. Shi ƙyauren gargajiya katako ne mai kauri da aka ɗaure da ƙarfen maƙera da manyan ƙusoshi, launinsa na itace da baƙin ƙarfe. Wanda ya shiga gidan tarihi na Gidan Makama a Kano zai ga tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, babu mai kore ko shuɗi a cikinsu. Makuba da ake shafe bango da ita, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ja ce mai duhu. Sannan su wa suka yi wancan adon? Sarakai da attajirai. Talaka tufaniya ce a ƙofarsa ko asabari. Tsohon garin Agadas, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2013, kusan gaba ɗayansa launin ƙasar da aka gina shi da ita ne, kuma wannan bai rage masa kyau ba. Saboda haka ƙofa mai duhu a jikin bango mai haske ita ce ta fi kama da abin da aka gada.

Daga ƙarshe suka ce baƙi yana da kwarjini, yana shiga da kowane fentin bango, ba ya tsufa a ido. Ƙofar da ta fi kowace shahara a Ingila, ta gida mai lamba 10 a titin Downing na London inda firaminista ke zama, baƙa ce wuluk. Launin da ya burge ka bana kana iya gajiya da shi baɗi. Baƙi ba a gajiya da shi, domin tun farko bai yi alkawarin burge kowa ba.

Masu launi sun dawo: a tambayi rana

A nan ne masu launi ke ajiye maganar al'ada su ɗauko ta yanayi. Suka ce London gari ne na hazo da yayyafi, baƙar ƙofa ba ta cutar da kowa a can. Mu kuwa a watannin Maris da Afrilu da Mayu zafi yana kai digiri 40 a Kano, yana wuce haka a Sakkwato da Maiduguri da Yamai. Abu ne sananne a kimiyya cewa baƙin fenti yana shanye fiye da kashi 90 cikin 100 na hasken rana da ya sauka a kansa ya mayar da shi zafi, fari kuwa yana mayar da kusan kashi 70 zuwa 80. Baƙin ƙarfen da ya yini a irin wannan rana yana iya kai digiri 60 zuwa 70, zafin da ke ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Wa ke taɓa ƙofa da azahar? Yaron da ya dawo daga makaranta, da yarinyar da aka aika, da tsohuwar da ke dafa ƙyaure kafin ta ɗaga ƙafa.

Ba hannu kaɗai ke shan wahala ba. Idan ƙofar kai tsaye take buɗewa cikin zaure ko shago ko ɗakin samari, duk zafin da ta sha ciki take juye shi, har bayan magariba ana jin hucinsa. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ta katako ce, fuskar da ke waje tana gasuwa ta bushe fiye da ta ciki, sai ƙyauren ya kantare, ya tsage, sakata ta daina shiga. Fentin kansa ma zafi yana gajarta masa kwana, ya dushe, ya yi bororo, ya fara ɓarewa.

Sai kuma hunturu. Ƙurar da ke lulluɓe mu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, kuma fara-fara ce. Babu inda take nunawa kamar kan baƙi. A goge baƙin get da safe, kafin la'asar ya koma ruwan toka, yara sun zana sunayensu a kai da yatsa. Masu cewa baƙi yana ɓoye datti, in ji masu launi, dattin wata ƙasa suke nufi.

Masu duhu sun mayar: a tambayi damina da aljihu

Masu duhu suka ce to, an ji na rani, saura na damina. Ruwan sama idan ya doki jar ƙasar ƙofar gida, feshin laka yake yi har gwiwar ƙyaure. A jikin ruwan ƙasa ba a gani. A jikin fari ko ruwan madara kuwa tabo ne da sabulu ba ya fitarwa duka. Ga shatin hannuwa a kusa da mariƙi, ga manja da baƙin mai, ga gawayin da yara ke rubutu da shi, ga jan hawayen tsatsa da ke gangarowa daga inda aka yi walda. Farar ƙofa sai gidan da ke da mai goge ta kullum da kuɗin sabunta ta duk shekara.

Launuka masu ƙarfi kuma rana ce maganinsu. Duk wanda ya lura da allunan talla a bakin titi ya ga yadda ja ke komawa ruwan hoda, ruwan ɗorawa ya koma fari-fari, alhali baƙin rubutun yana nan. Dalili shi ne sinadaran da ke ba da ja da rawaya masu haske a fenti mai araha ba sa jure hasken rana, su kuwa baƙi da ruwan ƙasa ana yin su ne da sinadaran da rana ba ta cin su da sauri. Ƙofar da ta yi kyau ranar tarewa, bayan rani biyu ta koɗe, ta fi wadda ba a taɓa yi wa ado ba muni. Kwalliyar da ba za ta biya kuɗin sabulu ba, gara a bar ta.

Akwai magana mai nauyi fiye da wannan, wato dalma. Shekaru da yawa masu yin fentin mai suna amfani da sinadaran dalma don fito da rawaya da ruwan goro da ja, da koren da ake haɗawa daga rawaya. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, amma binciken da aka yi a kan fentin da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya ya sha gano dalma mai yawa, kuma ta fi yawa a waɗannan launuka masu haske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a kira mara illa a jinin yaro, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma abin da ta lalata ba ya dawowa. Mutanen Arewa sun san sunan wannan guba tun 2010, lokacin da ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. Ƙofa kuwa a nan yara ke wasa, suna ɓantarar fentin da ya ɗago, hannu kuma ba ya nisa da baki.

Suka ƙara da wata guda da ba a cika faɗa a fili ba. Launi a garuruwanmu yana da jam'iyya. A Kano ja ya riga ya zama alamar wani gidan siyasa, haɗin kore da fari da ja ko da shuɗi kuma tutocin jam'iyyu yake tuna wa mutane. Kana iya shafa abin da ya burge ka kawai, unguwa ta yi maka fassarar da ba ka nufa ba.

Ƙofarka ce, ko ta layi?

Akwai wata gaɓa da ɓangarorin biyu ke ja, kowa yana cewa tasa ce. A garin Sidi Bu Sa'id na Tunisiya, dokar kare gari ta 1915 ce ta tabbatar da farin bango da shuɗin ƙofa da taga, kuma wannan kamanni shi ke kawo masa baƙi daga ko'ina. A Edinbara ta Sukotlan, a 2022, hukumar birni ta umarci wata mata ta sauya fentin ƙofarta mai ruwan hoda ko ta fuskanci tarar da za ta iya kai fam 20,000, saboda gidan yana cikin unguwar tarihi. Masu launi suka ce ga shi nan, shuɗin ƙofa ya ɗaukaka gari guda. Masu duhu suka ce a'a, abin da ya ɗaukaka shi haɗin kai ne, kowa ya bi launi ɗaya, kuma labarin Edinbara ya nuna ko a Turai ba a ɗauki fuskar gida mallakar mai gida shi kaɗai ba. A nan gida, in ban da wasu rukunin gidaje masu dokar kansu, babu mai hana ka. Abin da ya rage shi ne idon maƙwabta da naka tunanin.

Tankaɗe da rairaya

Idan aka auna hujjojin nan ɗaya bayan ɗaya, ba duka suke da nauyi guda ba.

Ta zafi gaskiya ce da ba ta da makawa, sai dai ba kowace ƙofa ta shafa ba. Abin dubawa na farko shi ne ina ƙofar ke kallo. Wadda ke kallon yamma ita ke shan ranar la'asar a lokacin da iska ta fi zafi, baƙi a kanta zalunci ne ga mai taɓa ta. Wadda ke kallon gabas ranar safe take sha, amma ita hadari ke duka, tun da daga gabas yake taso mana, don haka tsatsa ce babbar matsalarta. Wadda ke ƙarƙashin rumfa ko inuwar darbejiya kuwa, kowane launi aka ba ta za ta zauna lafiya. Haka nan akwai bambanci tsakanin get ɗin da ke jikin katanga nesa da ɗakuna, da ƙofar da bayanta ɗakin kwana ne.

Ta datti kuwa kunnen doki aka yi. Baƙi yana tona ƙurar hunturu, fari yana tona lakar damina. Wanda ya tsira daga duka biyun shi ne na tsakiya: ruwan ƙasa mai haske, ruwan toka, ruwan makuba, kore ko shuɗin da ba su yi duhu can ba kuma ba su yi fayau ba. A kan koɗewa masu duhu sun yi gaskiya game da ja da rawaya, amma sun yi kuɗin goro, domin shuɗi da kore na fenti mai kyau suna jure rana sosai. Baƙi ma ba ya tsira, sheƙinsa yana mutuwa ya koma kamar an barbaɗa masa toka.

Hujjar tsaro ita ce na fi jin tausayin masu ita, domin daga tsoro na gaskiya ta fito, amma ita ce ta fi rauni. Mugu ba launi yake karantawa ba. Tsawon katanga yake gani, da wayar wuta a kanta, da farantan sola a rufi, da irin motar da ke shiga da fita, kuma galibi wanda ya san gidan ne ke ba shi labari. Ƙaton baƙin get mai ratsin gwal da kan zaki ya fi ƙaramar koriyar ƙofa shelar dukiya nesa ba kusa ba. Hujjar kunya da kara ga maƙwabci kuwa ina ganin girmanta, kuma ba ta da amsa a kimiyya. Wanda ya san layinsa shi ya san abin da zai zama gori a cikinsa.

A kan tarihi kowa ya riƙe rabin gaskiya. Ƙyauren da duhu yake, kewayensa kuma ado ne. Wannan ma ya buɗe wata hanya da ba a cika bi ba: a bar ƙyaure da launi mai natsuwa, a ƙawata ginshiƙai da goshin ƙofa da zane ko launin da zai zama alamar gidan. An sami kwatance, an sami kamun kai, kuma masu zanen bango da sana'arsu ke neman mutuwa sun sami aiki.

Maganar dalma ita ce ba a yi mata sassauci, amma ba ta ba masu duhu nasara kai tsaye ba. Ana sa dalma a wasu fentin mai don su bushe da wuri ko wane launi ne, ana kuma samun ta a wasu fentin hana tsatsa da ake shafawa a ƙarƙashi. Saboda haka baƙar ƙofa ba shaidar tsira ba ce. Ma'aunin da hukumomin duniya suka ba da shawara shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan, kuma kamfanonin kirki suna rubutawa a jikin gwangwani cewa babu ita. Fentin da ake aunawa a kwalba babu suna babu takarda, araharsa ba ta kai haɗarinsa ba.

Wani abin da mahawarar kan manta shi ne, yawancin ƙofofin da suka lalace ba launi ya kashe su ba, aiki ne. An shafa a kan tsatsa ba a kankare ba, an tsinka fenti da fetur ko kananzir don galan ɗaya ya yi aikin biyu, an shafa da tsakar rana a kan ƙarfe mai zafi, ko cikin ƙurar hunturu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, bayan ɗaukewar ruwa kafin ƙura ta sauko, da sanyin safiya, a kankare, a sa na hana tsatsa, a bi da shafi biyu.

Nawa ra'ayin ya tsaya a kan abu biyu. Ba zan ba kowa shawarar baƙi wuluk a ƙofar ƙarfe mai kallon yamma babu inuwa ba, kuma ba zan ba shi shawarar ja ko rawaya na fenti mai araha a gidan da ke da ƙananan yara ba. Tsakanin waɗannan iyakoki biyu fili ne mai faɗi, kuma a cikinsa ban ga hujjar da ta kayar da ɗaya ɓangaren ba. Ko gida ya yi fara'a ga mai wucewa ko ya kame, wannan ya danganta da halin masu gidan da irin layin da suke zaune, kuma su ya kamata su yanke, maza da mata tare, tun da tare suke shiga ta ƙofar. Duk launin da aka tsayar, a karanta jikin gwangwani kafin a biya kuɗi, idan kuma za a kankare tsohon fenti a jiƙa shi da ruwa tukuna, a kawar da yara daga wurin har a share.